Gangar Baba a Bangon Gidan Gahawa

Akwai wani gidan gahawa a unguwar Rusaifa, a Makka, da har yau idan zan wuce sai na tsallaka titi. Wurin ba shi da muni: kujeru masu taushi, sanyi, zoɓo da ƙanƙara, zane-zanen matasan Makka a bango, wani kuma a lungu yana kaɗa molon Larabawa a hankali. Kyan nasa ma ke ƙara ba ni haushi.

Mai wurin ɗan tsohon maƙwabcinmu ne na unguwar Misfala, jikan Hausawa kamar ni, sai dai Hausarsa rabi Larabci ce. Da zai buɗe, ya zo da daɗin baki yana neman aron gangar mahaifina, wai zai jera ta da tsoffin kayan unguwa na wata ɗaya. Tun kafin a haife ni Baba ke kaɗa ta a bukukuwan mutanenmu. Da idonsa ya yi rauni ya daina fita, aka naɗe ta a zani aka ɗora kan sif. Na san idan na tambaye shi zai hana, shi ya sa ban tambaye shi ba, na ɗauke ta a ɓoye na kai gidan gahawar. So nake a gani a ce ta gidanmu ce.

Wata uku suka wuce, na ma manta. Da ranar auren 'yata ta matso, Baba ya kira ni ɗakinsa.

"Sauko mini da gangar nan in gasa fatar," ya ce. "Ni zan yi wa jikata kiɗa. Daga shi na ajiye."

Na ce masa na kai ta ajiya, zan ɗauko. Ana sallame la'asar na nufi Rusaifa.

Ban gane ta nan da nan ba. Tana can sama da wajen haɗa gahawa, fitila na haska ta. An shafe fatar gaba da baya da fenti mai kauri, shuɗi da ruwan zinariya, an zana tsoffin tagogin katako, an bi da wani mai mai sheƙi. An kuma huda icen an kafe ta da ƙusa biyu. A ƙarƙashinta wasu samari na ɗaukar kansu hoto, kowa da kofi a hannu.

Mai wurin ya taho yana murmushi, yana kirana "ya ammi", wato baffana. "Ahlan ya ammi, ka ga yadda ta koma? Wata mai zane ce ta yi mana. Duk mai shigowa sai ya tsaya."

"Wa ya ba ka izinin taɓa ta?"

"Ai ta tsufa, ya ammi, duk ta yi baƙi. Gyara muka yi."

Baƙin da yake faɗa zufar hannun ubana ce. Na ji kamar in kife masa tiren da ke kusa. Na gaya masa abin aro ya karɓa, kuma ubansa, Allah ya jiƙansa, da wannan gangar aka kai shi ɗakin amaryarsa. Na ce shi da baƙinsa ba su san komai a kan unguwar nan ba sai abin da zai yi kyau a waya. Mai molo ya dakata. Wani daga cikin samarin ya ce da Larabci in rage murya, nan wurin hutawa ne.

"Ma'alesh, yi haƙuri," in ji mai wurin, murmushin ya gushe. "Amma kai ka kawo ta da hannunka."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na taka kujerarsa mai taushi da takalmina, na fizge gangar har fentin bangon ya biyo.

A gida na kwana biyu ina kankare fentin da wuƙa da kananzir a ɓoye. Fentin ya riga ya shige fatar. Dole na kai wa Baba. Ya ɗora ta a cinya, ya shafa, yatsunsa suka tsaya a kan hudar ƙusa. Ya buga sau ɗaya. Sai ka ce kwali ya buga.

"Wa ya fitar da ita daga gidan nan?"

"Ni ne, Baba."

Na ce zan nemo sabuwar fata, a toshe hudar. Ya ce fata sai ta yi watanni tana sanin hannu, biki kuwa saura kwana huɗu. Ya miƙo mini ita, ya juya fuska bango.

Ranar biki lasifika ta yi kiɗa. Tsofaffin unguwa suka yi ta zuwa inda yake zaune suna tambayar yaushe zai fara, shi kuwa ya ce wa kowa hannunsa ke ciwo. Ina tsaye a bayansa ina ji. Ban taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba sai ranar, kuma don ya rufa mini asiri ya yi ta.