Yadda Sa Ya Kori Yayana Daga Hoto

Wautata ta fara ne ranar da na buɗe baki na ce wa matar yayana zan sa mijinta ya motsa. Mutumin da ya shekara biyu da rasuwa. Ni kuwa ko aji uku ban gama ba a firamare, sunana ma sai na ciji leɓe nake iya rubuta shi.

'Yata ce ta sauya waya ta bar mini tsohuwar, a cikinta akwai wata manhaja ta haɗa bidiyo. Turancin jikinta ba na karantawa, amma na haddace maɓallan da siffarsu: mai almakashi, mai tauraro, mai kibiya tana kallon sama. A ƙofar gidana a Dutse na zauna ina latse-latse, har na gano in ka sa hoto ka taɓa tauraron, sai hoton ya riƙa matsowa a hankali kamar mai son gaya maka magana a kunne. Na gwada da akuyata. Na gwada da buta. Butar ma ta matso. Na yini ina mamakin wa ke turo ta.

Hoton Yaya guda ɗaya ne a duniya, yana hannuna. A kasuwar Jahun aka ɗauke mu ranar da ya sayi san huɗarsa na farko: shi a dama riƙe da igiya, ni a hagu ina washe baki kamar ni na saya, san a tsakiya. Idon matarsa ya yi rauni, in ta riƙe hoton ba ta ganin komai sai farin sa da inuwa biyu. Ta taɓa ce mini fuskarsa ta fara ɓace mata. Shi ya sa da na je ƙauye na cika mata baki.

Tun tana amarya muke wasa da ita, don haka ba ta raga mini ba.

"Kai, maigida ƙarami? Kai da ko rediyo ka taɓa sai ta mutu?"

"Ke dai ki dama fura, matar Yaya. Ran Juma'a zan kawo miki shi har ɗaki."

Na ɗauki hoton da waya, na sa a manhajar, na taɓa tauraro. Mu uku muka taho tare, gwanin sha'awa. Da na danna kibiyar don in fitar da bidiyon, sai ta jero mini tambayoyi. Ga akwati biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Na ce Yaya a tsaye yake, kuma bai taɓa son kwanciyar rana ba, na zaɓi na tsaye. Ga lambobi manya da ƙanana. Abin da na riƙe daga makaranta shi ne mai ƙaramar lamba shi ya zo na ɗaya, na zaɓi ƙarama. Ban ko duba ba na jefa waya aljihu na hau mota.

Na tarar matar Yaya ta tara surukanta da matan maƙwabta a tsakar gida. Na gyara hula na kunna.

Sa ne ya fito. Shi kaɗai, dishi-dishi, yana tahowa da hancinsa. Na Yaya hannu kawai ya rage da igiya, nawa kuma kunne ɗaya. Mata suka kwashe da dariya, wata har da riƙe ciki. Ita ba ta yi ba. Ta kai wayar kusa da ido ta daɗe tana kallo.

"Wannan na gane shi," in ji ta. "Ina mai shi?"

Furar ranar da ƙyar ta wuce mini.

Washegari na nufi shagon wani mai ɗaukar bidiyon biki a cikin Dutse, magidanci mai haƙuri. Ya kalla sau biyu yana danne dariya.

"Baba, hotonka mai faɗi ne, ka tura shi ta ƙunƙuntar ƙofa. Dole ta aske gefe da gefe."

"To ina ta kai abin da ta aske? Ina yayana ya shiga?"

"Yana nan, ba ta nuna shi ba ne kawai."

"Me ya sa kuma ta fi son sa a kan mutane?"

"Ba ta san sa ba, ba ta san mutum ba. In ba ka nuna mata inda za ta ba, tsakiya take nufa."

Ya ce lambar kuwa, babba ita ce mai fitar da hoto tangaran, sai dai ta fi jan lokaci. Ashe abu ɗaya da na riƙe daga makaranta ma bai yi mini rana ba.

Ya miƙo hannu zai gyara, na hana, na ce ni na yi alkawarin. Ya nuna mini yadda ake kafa alama biyu, ɗaya inda motsin zai tashi, ɗaya inda zai tsaya. Yatsana kuwa mai kauri ne. Gwajin farko ya ƙare a kan hular Yaya. Na biyu ya kauce ya dira a haƙorana, na ga giɓin da ban san tun lokacin ina da shi ba. A na uku na dace. Na zaɓi akwatin kwance da babbar lamba, na kalla sau biyar kafin in tashi.

Da na koma ƙauye matar Yaya ba ta kira kowa ba, amma matan suka zo da kansu, suna jiran wani san. Na juya wayar a kwance na ɗora mata a tafin hannu. Muka fito mu uku. Sannu a hankali na zame ta hagu, san ya bi bayana, fuskar Yaya ta riƙa girma, da girarsa a haɗe saboda rana, har ta cika gilashin. Ta matso da wayar, shi ma yana matsowa. Can sai na ga ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta kawar da kai gefe, idon dai na kan wayar. Daga cikin mayafin ta ce mini:

"Kai, ka ce wa yayanka ya tsaya haka nan mana. Bai ga da mutane ba?"