Abin da Baba Ci-Gizo ya ci a bakin iyaka

Yau Talata, ƙarfe bakwai da kwata na safe, ina guga mahaifiyata ta kira ni daga Jibiya: Baba Ci-Gizo ya rasu bayan asuba, a ɗakinsa, babu doguwar jinya.

Sunansa Malam Idi, maƙwabcinmu ne. Kusan ba mai kiransa haka.

Wajen ƙarshen shekarun 1950, yana saurayi, dako yake yi a bakin iyaka. Wata rana suna sauke kayan wani Bafaranshe daga motar Maraɗi, gwangwani ɗaya ya faɗo ya fashe. Mutumin ya ce su ɗauka. A jikin gwangwanin akwai hoton wata jar halitta mai ƙayoyi. 'Yan dako suka ƙirga ƙafafu har da biyun gaba masu kama da almakashi, takwas. Ƙaguwar gulbi goma gare ta, kowa ya sani. Suka yanke hukunci gizo-gizo ne. Shi kaɗai yunwa ta sa ya ci.

Sunan ya bi shi har tsufa, matarsa ma kwanonsa daban take ware masa don tsokana. Yana dariya in an kira shi, amma abin na damunsa. Ya taɓa ce mini, "In gizo ne, na ci ƙazanta. In na ruwa ne, malamai sun ce halas. Ina so in san wanne kahin in tahi."

Duk komawata jami'a sai ya rako ni tasha da ƙullin ƙuli-ƙuli. "Malama, ki tambayo mani hwa."

Ilimin dabbobi na karanta, amma na fi shekara ina dubawa don tsoron in faɗa masa abin da ba haka ba. Ga abin da na tabbatar. Akwai wata babbar ƙaguwa ta teku mai tsananin sanyi, wadda ake yi wa laƙabi da sarkin ƙaguwa. Fitattun nau'o'inta uku ne, ja da shuɗiya da mai ruwan zinariya, a arewacin tekun Pasifik, tsakanin Japan da Rasha da Alaska. A zamanin nan ana zuba namanta a gwangwani. Ƙafafunta goma ne, biyun ƙarshe ƙanana ne, a ɓoye ƙarƙashin ƙoƙon bayanta. Masana ma ba su sa ta a dangin ƙaguwa ta ainihi ba.

Da Babbar Sallah na nuna masa hoton a waya. Ya daɗe yana kallo.

"Ita ce. To ƙaguwa ce ko ba ƙaguwa ba?"

Na fara kame-kame da bayanin dangi. Ya katse ni.

"Ke, a ruwa take kwana?"

"A ruwa, Baba."

"Alhamdu lillahi. Je ki hwaɗa ma tsohuwar nan, ta bar ware mani kwano."

Inna Hajo, matarsa, ta amsa daga tsakar gida, "Ni Ci-Gizo na aura, sai dai a sake ɗaura aure!"

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Abubuwan da har yanzu ban sani ba: ainihin shekarar. Ƙasar da gwangwanin ya fito. Ko ja ce ya ci, ko hoton ne kawai ja. Da kuma ɗanɗanonta a bakinsa, wanda ban taɓa tambaya ba.

Allah ya jiƙan Malam Idi, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna Hajo haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, da sunansa na gaskiya.