Iskar da Ta Shiga Alƙalamin Baba

Baba yana da alƙalami mai shan tawada, irin wanda ake murɗa ɗan famfon cikinsa ya zuƙo ta daga kwalba. Da shi yake rubuta wa ƙanensa wasiƙa tun yana koyarwa a Samaru. Wata rana na ɗauke shi a ɓoye ina kwafe waƙoƙina. Da tawadar ta ƙare, na ɗura wata cikin gaggawa, ban nutsar da bakin sosai ba.

Washegari Baba ya zauna rubutu, haruffan suka riƙa yankewa. Ya daɗe yana kallon yatsunsa, waɗanda dama sun fara rawa.

"Uwata, hannun nan ya gaji," ya ce. "Ungo, ke ce mai rubutu yanzu."

Na karɓa na saka a jakata.

Na kai alƙalamin wurin wani tsoho mai gyaran agogo a Sabon Gari. Ya ɗaga famfon a haske, ya nuna mini kumfa ɗaya a tsakiyar tawadar.

"Iska ce ta shige shi."

"Iska, Malam?"

"Ba ta aljanu ba, 'yan mata!" Yana dariya ya juya bakin sama, ya ƙwanƙwasa da farce, ya murɗa har ɗigo ya leƙo.

A hanyar komawa gida na yi ta shirya yadda zan faɗa wa Baba cewa laifin ba na hannunsa ba ne. Amma alƙalamin ya riga ya yi mini daɗin riƙo. Yana jakata har yau, Baba kuwa bai sake rubuta wasiƙa ba.