Kwalaben Auta

A layinsu, kowa Mai Kwalba yake kiranta, masu ladabi su ce Iya Mai Kwalba, ita kuwa ba ta taɓa jin haushi ba. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana aiki a wani ɗaki na bayan asibiti, inda ake wanke almakasai da wuƙaƙen tiyata a tafasa su. Ko allura ba ta taɓa yi wa wani ba, amma ta fito da aƙida guda, cewa duk abin da bai sha tafasa ba ba ta yarda da shi. Da ta yi ritaya, maigidanta kuma ya rasu bayan shekara biyu, sai tafashe-tafashen ya biyo ta gida.

Gidan ɗaki uku ne, biyu a kulle. A bayansa akwai ɗan fili da ta raba da waya, gefe guda tumatir, gefe guda akurkin kaji. Babban ɗanta yana wata ƙasa mai nisa, sai dai waya jefi-jefi. Auta ce a kusa, in har tafiyar awa shida a mota kusa ce. Tana da aure, tana aikin ofis, tana da 'ya guda mai shekara biyar.

Kowace shekara in tumatir ya nuna, Mai Kwalba takan markaɗa shi, ta dafa har ruwan ya tsotse, ta matsa lemon tsami, ta ɗura a kwalabe masu faɗin baki. Sai ta ɗaure murafe, ta jera su a babbar tukunya, ta tafasa minti arba'in cif. In sun huce ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana danna tsakiyar murfi da yatsa. Wanda ya lotsa bai taso ba ya kama ke nan, zai shekara bai lalace ba. Kwalabenta talatin ne duka-duka, shida nata, ashirin da huɗu na Auta. Auta ta tafi da su cike, in shekara ta zagayo ta dawo da su wayam, ta yi kwana uku ko huɗu ana aikin da ita, ta sake komawa da su cike.

Kwalba kuwa ba abin wuya ba ce, ga ta nan jibge a bakin kasuwa. Maƙwabciyarta, matar tela, ta sha yi mata magana.

"Iya, ki ƙaro dozin biyu mana, ki huta da jira."

"Na yanzu ba su da ƙwari," in ji Mai Kwalba, tana kallon wani wuri.

Ƙarya take yi, kuma ta san ƙarya take yi. Duk ranar da ta sayi wasu kwalabe, ranar Auta ta rasa dalilin da zai sa dole ta zo. Shekara bakwai tana riƙe da wannan dabara a cikinta, ba wanda ta faɗa wa.

'Yan tsaki kuma saboda jikarta ne. Yarinyar tana mutuwar son su, takan durƙusa a gaban kwali ta manta da abinci. Amma tsako kwana goma kacal yake yi da kyansa. Daga nan fuka-fukai su tsiro, wuya ya yi tsawo, ya zama shi ba tsako ba shi ba kaza ba, kamar wanda ɗan koyo ya yi wa aski. Don haka Mai Kwalba ba ta sayensu sai zuwan Auta ya rage kwana uku.

Bana Auta ta ce ran Asabar. Ran Laraba Mai Kwalba ta je shagon mai abincin kaji ta karɓo guda goma sha biyar, 'yan kwana ɗaya. Ta shimfiɗa dusar katako a babban kwali, ta rataya ƙwan lantarki a samansa, ta ajiye a lungun kicin. Ta riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya tana tsoma bakinsu a ruwan sukari, don tsakon da ba shi da uwa sai an nuna masa sha. Ta san karatunsu sarai. In sun cure ƙarƙashin ƙwan, sanyi suke ji. In sun watse sun manne a bango, zafi ya yi yawa. Tana yi tana yi musu faɗa kamar suna ji: "Kai mai haɗama, matsa wa 'yan'uwanka." Gidan da ya yi wata goma sha ɗaya ba motsi sai na agogo ya cika da tsiyau-tsiyau. Ran Alhamis ta tsinke tumatir, ya cika baho huɗu.

Ran Juma'a da yamma waya ta yi ƙara.

"Umma, don Allah ki yi haƙuri. An ɗora mana aiki, sai Asabar ta sama."

"Ba komai, Auta. Aiki ai shi ne gaba. Ya mutuniyar tawa?"

"Tana nan, kullum zancenta 'yan tsakin Kaka."

Mai Kwalba ta buɗe ɗakin babban ɗanta, ta shimfiɗa buhuna, ta baza tumatir ɗin don ya sha iska. Safe da yamma tana juya shi, tana tsince wanda ya yi laushi ta watsa wa manyan kaji. Ran Talata aka wayi gari da ruwan sama, wuta ta ɗauke. Ta ɗauki biyu daga kwalabenta ta cika su da ruwan zafi, ta zura su a tsofaffin safar marigayi, ta kwantar a cikin kwalin. 'Yan tsakin suka lafe a jikinsu. Duk da haka, kafin azahar ƙaramin cikinsu ya mutu. Ta ɗauke shi a tafin hannu, ba nauyin komai, ta ji tana son ta gaya wa wani. Ta leƙa gidan tela ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta dawo ta tona rami a gindin katanga ta binne shi, ta wanke hannu, ta zauna a kan kujera. Kaɗaici ya kama ta har ta ji shi a gaɓoɓinta.

Asabar ta biyu ma ta zo ta wuce. Wannan karon mijin Auta ne ya yi tafiya da motar. Mai Kwalba ta cika kwalabe huɗun da suka rage mata, ta tafasa, duka suka kama, amma tumatir ɗin kamar ba a taɓa shi ba. Ɗakin ya fara tsami. 'Yan tsakin kuwa gashin fiffike ya fito musu, launin ruwan ƙwan nan ya soma dusashewa, har wani ya koyi ɗarewa bakin kwali. Ta kalle su, ta kalli buhunan, sai ta yi abin da ba ta saba ba, ta kira Auta da kanta.

"Auta, tumatir fa yana ta lalacewa. Ba ni da abin zubawa."

Iyakar abin da bakinta ya iya furtawa ke nan.

"Wayyo Umma! Ki kwantar da hankalinki, na san abin da zan yi. Ki ba ni kwana uku."

Mai Kwalba ta ɗauki wannan a matsayin alkawari. Ta share ɗakin Auta, ta fitar da katifa rana, ta wanke labule, ta yi wa kwalin 'yan tsaki sabuwar shimfiɗa. Har matar tela sai da ta tsokane ta, wai yau Iya tafiya take kamar 'yar shekara ashirin.

Ran Talata da hantsi ta ji hon a ƙofar gida. Ta fito da sauri, takalmi ƙafa ɗaya. Motar kamfanin kai saƙo ce. Wani mutum ya sauke kwali mai nauyi a bakin ƙofa, ya miƙo mata takarda da biro.

"Mama, sa hannu a nan. A bi shi a hankali, abin fashewa ne."

Ta ja kwalin zuwa kicin ta yanke shi da wuƙa. Kwalabe ne sababbi fil, talatin da shida, kowace a naɗe da takarda, da murafensu a leda. Masu kauri ne, masu kyau, sun fi nata nesa ba kusa ba. Tana tsaye a kansu waya ta yi ƙara.

"Umma, sun iso?" Muryar Auta cike da murna. "Na zaɓo miki mafi ƙwari a shagon. Daga yau kin daina jiran kowa. In kin cika, masu kai saƙon za su zo su ɗauko min, na riga na yi magana da su."

"Sun iso. Allah ya yi miki albarka."

"Umma, ya na ji muryarki haka? Ba su yi miki ba ne?"

Mai Kwalba ta jawo kujera ta zauna. Ta yi niyyar ta ce mura ce. Sai ta ji bakinta ya ƙi.

"Auta, kwalba tana nan a bakin kasuwarmu tun kafin ki yi aure. Ina wucewa ta gabanta kowane mako. Ƙin saye na yi."

Tana jin hayaniyar ofis daga can, wani yana dariya, wata na'ura tana ƙara. Da Auta ta sake magana, muryar ta zama ƙarama, irin ta lokacin da take yarinya.

"Shekara bakwai, Umma? To me ya sa ba ki taɓa ce min in zo kawai ba?"

"In na faɗa, ai ya zama roƙo."

Ta ji an kira Auta daga nesa, an ce ana jiranta a taro. Auta ba ta amsa musu ba, ba ta kuma kashe wayar ba. Mai Kwalba ma ba ta kashe ba, ta riƙe ta a kunne da hannu biyu tana sauraron numfashin 'yarta.