Tayar Gaba ta Motar Kaka

Yau a hanyar makaranta na ga wata tsohuwar taya da gefe ɗaya ya cinye, sai na tuna Kaka.

Albasa yake ɗaukowa daga Aliero zuwa Jega, rigarsa kullum tana warin albasa da baƙin mai. Wata guda bayan an saita ƙafafun motarsa, ya ce sitiyari yana jan hagu. Bakaniken da ya yi aikin ya zo ƙofar gidanmu yana rantsuwa aikinsa ba matsala.

Kaka ya kira ni. "Amarya, bayan mijinki ba ya duƙuwa. Leƙa ƙasa ki gaya mini mi kika gani."

Na leƙa. Gefen ciki na tayar hagu ya yi sumul, har waya ta fito. Amma maza sun cika wurin, bakaniken ya zuba mini ido. Na ce, "Ba komai."

Bayan kwana uku tayar ta fashe a hanyar Maiyama. Kaka ya karye a ƙugu, bai ƙara tuƙi ba. Har ya rasu bara ban faɗa masa ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya yafe mini abin da bai san na yi ba.