Kwanon jiƙon Inna

Ina durƙushe a tsakar gidanmu a Shanono, tsakuwar ƙoda tana murɗa min kwiɓi, sai Inna ta miƙo min kwano cike da jiƙon gemun masara.

"Shanye tas, Hadiza, shi zai wanko ta."

Kurɓa uku na yi, amai ya taso. Tun da aka yi min aikin rage ƙiba, cikina ba ya ɗaukar fiye da ƙaramin kofi. Likita ma cewa yake in sha ruwa da yawa. In zuba shi a ina?

Inna ta kalli kwanon. "Da ƙibarki har gona kike kai abinci. Yanzu ruwa ma ya fi ƙarfinki."

Da ƙafata na kai kaina aikin nan.

Wanda ya taɓa shiga wannan hali, don Allah, yana wucewa kuwa?