Kyanwar da ta tare a shafinmu

Wautar da na tafka a kan wata kyanwa, ko an sa ni a kabari ba na jin zan manta da ita. Ni dai aji biyu na yi a lakkwal, sai bulala ta koro ni gona.

A shekarar ni ne shugaban ƙungiyar manoman wake ta Matankari. Wani yaro mai aikin ordinata, wato kwamfuta, a Dogon Dutsi, wanda ke neman ɗiyata ta ƙarshe, ya yi muna shafin intanet kyauta. Tun nan na fara zarginsa. Wa ke aikin banza?

Ya ba mu adireshi mai doguwar wutsiya. Ni kuwa na danna sunan ƙungiya kawai a salula, na bar wutsiyar. Maimakon buhunan wake, sai ga wata kyanwa rawaya ta ɗaga ƙafa tana harara ta. Kakata 'yar bori ce, na san irin siffar da doguwa ke shiga gida da ita. Na ce shi ke nan, yaro ya yi mini aike don in ba shi ɗiya ban shirya ba. Na turara salular da hayaƙi, na aika wa iyayensa su riƙe goronsu.

Da hantsi sai ga shi a kan babur, yana zufa. Ya durƙusa.

"Baba, mi na yi?"

"Kai ka san wadda ka turo."

Ya duba salular, ya danne dariya. Ya ce injin Java da ke ɗauke da shafin da kyanwarsa yake zuwa, tana zaune a zaure. Namu yana ɗakin baya, shi ya sa sai da wutsiya ake kai gare shi. A gabana ya buɗe ordinata, ya share ɗakin kyanwar, ya sauya wa namu suna zuwa ROOT, wato sunan zauren, ya kashe injin ya tada.

"To Baba, danna."

Na danna. Sai ga wake, ga ni a tsaye da hula a karkace.

An ɗaura aure bayan girbi. Tun daga nan in ban gane abu ba, nakan tambaya kafin in hura wuta. Amma a ranar da kyanwar ta tsorata ni, uwargidana tana kwashe garwashin turaren ta ce:

"Malam, kyanwa ka ji tsoro, ko tafiyar auta?"

Na ɗauki fartanyata, na nufi gona.